Kawu da Baƙon La'asar

Ranar Talata da hantsi Allah ya karɓi ran Kawu, yayan mahaifiyata, a ɗakin da yake haya a unguwar Hanukope, cikin birnin Lome. Daga Allah muke, shi kuma ya riga mu komawa. Kafin azahar tsakar gidan ta cika, har mai gidan, wata tsohuwa 'yar ƙabilar Mina, ta kwashe tukwanenta waje don a samu wurin shimfiɗa tabarmi. Tana kwasa tana kuka, tana faɗa da Hausarta ta kasuwa, tana kiransa Alfa, wato malam: "Alfa ya tafi. Alfa ba shi da faɗa. Shekara goma sha ɗaya yana gidana, ban taɓa jin muryarsa sama ba."

Tsofaffin Zango sun zo a mota ɗaya, tun daga sabon Zango. Suka leƙa ɗakin ɗaya bayan ɗaya. Gado, buzu, buta, kwandon goro, keke jingine da bango. Wani ya ce a hankali, "Ashe nan yake." Duk cikinsu babu wanda ya taɓa taka gidan nan sai ran nan. A wajen mata kuwa, wata ta manta da kanta ta fara bin kiɗan da ake buɗe shirin Hausa da shi a rediyo a da, sai ta kusa da ita ta zungure ta, "Ke, a gidan mutuwa?" Samarin da suka haƙa kabari suna tambayar juna, rabi da Hausa rabi da Faransanci, wai da gaske tonton ɗin nan, wato kawun nan, ya taɓa aiki a rediyo?

Kawu bai bar ɗa namiji ba, don haka ni aka zaunar a gaba in karɓi gaisuwa. Ban taɓa zama a wurin da ya ƙone ni kamar tabarmar nan ba. Kowane tsoho zai miƙo hannu ya ce Allah ya ba da haƙuri, idonsa a kan kafaɗata. Sai wani tsohon mahauci, abokin Kawu tun suna yara, da ya riƙe hannuna ya ƙi saki. Ya dube ni da jajayen idanu ya ce, "Ɗan lakwal, ni da kai." Ni kuma na gane.

Na ɗauki alƙalami ne don kada a manta da mutumin nan. Kuma don masu tambaya su san dalilin da ya sa ɗan limamin Zango ya ƙare kwanakinsa a ɗakin haya, nesa da mutanensa. Ni ne dalilin. Ni na raba shi da Zango, da bakina, a gaban jama'a, kuma har ya bar duniya ban ce masa ya yafe mini ba.

Sana'ar Kawu goro ce. Yana da rumfa a bakin tsohon Zango, wanda ke tsakiyar Lome kafin a rushe shi. Da safe za ka same shi yana tsintar goro ɗaya ɗaya, yana yayyafa masa ruwa, yana lulluɓe shi da ganye kamar mai kwantar da jariri. Shi kansa ba ya ci. In ka tambaye shi sai ya ce goro yana kama maƙogwaro. Abin shansa ruwan ɗumi ne da citta. Da ubana ya rasu shi ya riƙe ni, kuma shi ya kama hannuna ya kai ni makarantar Faransanci lokacin da dangi suka ce za a mai da ni kafiri. Daga nan na samu sunan ɗan lakwal, wato ɗan makaranta, kuma har ya rasu bai kira ni da wani ba. In na kawo masa wani dogon bayani irin na 'yan makaranta, sai ya saurara har in gama, sannan ya ce, "To, madalla. Yanzu faɗa mini da Hausa," alhali da Hausar na faɗa.

Litinin da Alhamis, da an idar da azahar, sai ya rufe rumfa, ya tattare ƙafar wandonsa, ya ce da maƙwabcinsa, "Zan je gai da wani." Ya hau keke. Bayan la'asar kuma duk rediyon da ke Zango sai ka ji ya ɗauki murya ɗaya: "Salamu alaikum masu gida, Baƙon La'asar ne, ba zan daɗe ba." Rabin awa ake ba shi. Ya sa faifai biyu ko uku, na goge ko na kalangu, wani lokaci na Gana. Ya karanta gaisuwar mutane, da sanarwar suna, da ta rasuwa. Sannan ya karanta abin da gwamnati ta miƙo masa, da yabon jam'iyya a gaba da baya, kamar yadda ake yi har yau. Jam'iyya ɗaya ce, kowa ɗanta ne, ba sai na tsawaita ba.

Ina ajin ƙarshe a makaranta na taɓa tambayarsa abin da ya sa ba ya faɗin sunansa. Na ce masa ni da ni ne, da sai duk Togo ta san sunana. Ya yi dariya har ya ajiye goron da ke hannunsa.

"Sunana ai ba nawa ba ne ni kaɗai," in ji shi. "In an kira shi, na mahaifina Malam ke biye. Mutumin da ke jan salla sau biyar, ba zan ajiye sunansa kusa da goge ba. Wannan ɗaya ke nan."

"Na biyun fa?"

"Takardar da suke miƙo mini, ba ni na rubuta ba. Abin da ba ni na rubuta ba, ba zan ɗora shi a kan sunan da aka yanka mini rago ba. Duk abokan aikina haka suke, na harshen Ewe da na Kabiye, kowa da sunan da yake sawa in ya shiga ɗakin nan, ya cire in ya fito. Kai dai yi karatunka."

Kada wani ya zaci sirri ne. Muryar Kawu ko kurma ya san ta. Babu jariri a Zango da bai san wane ne Baƙon La'asar ba. Amma akwai wata ƙa'ida da ba wanda ya kafa ta, kuma ba wanda ya taɓa karyawa: ba a haɗa su. Mai son a karanta masa gaisuwa zai zo rumfa, ya sayi goro ko kada ya saya, ya tura 'yar takarda ƙarƙashin ganye ya ce, "Malam, in ka haɗu da Baƙo ka miƙa masa." Kawu ya ce, "In na gan shi." Shi ke nan.

Na tuna wata mai tuwo da ta zo rumfar nan da zafinta, ta yi ɗamara da gyale, wai ta aika gaisuwa ga ɗiyarta da ta haihu a Kumasi, Baƙo bai karanta ba. Ta zage Baƙo tas, tun daga kansa har takalminsa. Ta ce mai girman kai ne ƙwarai, ta ce ba ya karanta sai gaisuwar alhazai. Kawu yana tsintar goro yana gyaɗa kai. "Hajiya, kin ga kaɗan. Ni da nake hulɗa da shi na fi ki sanin halinsa. Na yi masa faɗa har na gaji." Ya zaɓi farin goro ya ba ta. Ta tafi tana huci, amma ta gai da shi da iyali kafin ta juya. Ranar Alhamis aka karanta gaisuwarta sau biyu.

Har Kaka, limamin, yana cikin wasan. Yana da wani ƙaramin rediyo da wani alhaji ya kawo masa tsaraba, yana kunna shi a ɗaki da ƙofa a rufe. Wata rana muna cin tuwo ya ce da Kawu, ba tare da ya ɗago ba, "Baƙon nan naku yau ya yi kuskure a sunan uban mamaci. Ka ce masa ya riƙa dubawa." Kawu ya ce, "To, Malam." Har Kaka ya rasu bai taɓa hana shi aikin ba, bai kuma taɓa nuna ya san shi ke yi ba.

Ni kuwa a lokacin, da 'yan littattafan da na haɗiya, munafunci na kira wannan abu. Unguwa guda ta manyan mutane, masu gemu, suna wasan yara! Ban ga cewa da wannan wasan ne ɗan liman yake sa faifai kuma ya tsaya a sahun gaba ba. Ban ga cewa da shi ne mutane suke iya zagin rediyon gwamnati a gaban ma'aikacinta, su tashi lafiya, shi ma ya tashi lafiya ba. Na iya Faransanci, na zaci na iya komai.

Shekarar da aka rushe Zango ina akawu a wani kantin yadi a kasuwar Adawlato. An daɗe ana raɗe-raɗin za a tashe mu a kai mu daji, can arewa da gari, amma an daɗe ana faɗa har mun daina ji. Ran nan Alhamis ce. Rediyo na kan kanta. Na ji sallamar da na saba ji, sai dai ba faifai. Ya shiga karanta takarda kai tsaye: mazauna Zango su kwashe kayansu, an ba su wuri a wajen gari, rana kaza motocin rusau za su shigo. Ya karanta a hankali, kalma kalma. Ya gama, ya sake daga farko. Ya kuma sakewa. Duk inda ya zo kan ranar sai ya maimaita ta.

Abokin aikina, wani ɗan Mina, ya dube ni ya ce, "Wannan ba tonton ɗinka ba ne?" Na ce ban san shi ba. Na fito daga kantin ko sallama ban yi ba. Abin da ke idona kawai ɗakin mahaifiyata, wanda ubana ya gina da hannunsa, ya rufa masa kwano shekarar da zai mutu.

Na iso Zango ana shirin magariba. Mata na ta kai da kawo, wasu na kuka, wasu har sun fara ɗaure kwanuka a zane. Dattawa na zaune a ƙofar masallaci, kowa ya yi jugum. Sai ga Kawu a kan keke. Ya jingine shi, ya ɗauki buta ya yi alwala, ya zo ya zauna a wurinsa na kullum, kusa da mahaucin nan.

Ladan ne ya fara. "Malam, ka ji abin da Baƙo ya karanta?"

"Na ji."

"To, ka ce masa ba mu gode ba."

"Zan gaya masa."

Mahaucin ya ce, "Ka ce masa a nan aka binne cibiyata. Ka ce masa bakin da ya karanta wannan takarda, Allah ya isa tsakaninmu da shi."

Kawu ya sunkuyar da kai. "Duk zan gaya masa," in ji shi.

Yau na san abin da suke yi. Suna sauke abin da ke cikinsu ne a kan wanda ba ya nan, don gobe su iya ɗaukar kaya tare da wanda yake nan. A ranar ban san haka ba. Jinina ya hau, na ratsa tsakiyar tabarmi da takalmina.

"Wane Baƙo?" na ce. "Wane Baƙo kuke aika wa saƙo? Ga shi nan zaune a gabanku! Kawu, ba kai ka karanta ba? Sau uku! Baƙon La'asar, da kai nake, ɗago ka dube mu!"

Ladan ya ce, "Subhanallahi, yaro." Ban tsaya ba. Na ce ya sayar da mu, na ce ya rushe ɗakin ƙanwarsa da bakinsa, na faɗi wasu abubuwan da ba zan rubuta ba. Kawu ya ɗago. Bai dubi dattawan ba, ni ya duba, kuma babu fushi a fuskarsa, abin da ya fi damuna ke nan har yanzu. Ya ce, "Ni ne."

Da wannan kalmar komai ya ƙare. Mahaucin da ya gama cewa Allah ya isa, yanzu ya san wa ya faɗa wa, kowa ma ya san ya sani. Ko dai ya janye maganarsa a gaban jama'a, ko ya tsaya a kanta. Ya tashi, ya ja buzunsa ya koma can gefe. Da aka tayar da salla, tsakanin kafaɗar Kawu da ta kusa da shi akwai wurin da mutum zai iya wucewa.

Washegari mahaifiyata ta kira ni ɗaki. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce matar Kawu ta gaya mata cewa an ba shi zaɓi: in ba zai iya karantawa ba, sai a bar sanarwar a Faransanci da Ewe. Shi ya ce a ba shi, domin tsofaffin Zango ba sa jin ko ɗaya, sai dai su farka su ga mota a bakin ƙofa. Ta ce, "Je ka ba yayana haƙuri." Na ce to. Na faɗi wannan ne don kada wani ya yi mini uzuri da cewa ban sani ba. Tun kwana ɗaya da yin abin na san gaskiya.

Ranar kwasar kaya, Kawu ne ya cire ƙyauren ɗakin mahaifiyata da kwanon rufi, ya ɗaure su a amalanke. Ni ina riƙe da gefe ɗaya, shi yana riƙe da ɗaya. Abin da ya ce mini kawai shi ne, "Ɗan lakwal, kula da ƙusa." Da muka isa sabon wurin kowa na neman inda zai kafa, shi bai nema ba. Ya ce da matarsa ba ya son kowace safiya mutane su tsaya tunanin ko za su gai da shi ko kada su gai da shi. Ya samu ɗaki a Hanukope, ya mai da kwandon goronsa wata kasuwa inda ba a san shi ba.

Rediyon ma bai daɗe ba. Babu mai zuwa ya tura takarda ƙarƙashin ganye, don babu wanda za a ce a miƙa wa. Shirin da ba gaisuwa, ba suna, ba rasuwa, ya zama takardar gwamnati zalla. Bayan 'yan watanni ya ce musu muryarsa ta gaji, aka sa wani yaro mai ƙarfin huhu.

Kowace salla ina zuwa gaishe shi, da yadi a hannu. Tun daga sabon Zango nake shirya maganar a cikin mota, in jera ta tsaf, farko da tsakiya da ƙarshe. Da na zauna a gabansa sai ya tambayi yara ɗaya ɗaya, ya tambayi ko ruwa ya shiga unguwa bana, ko wane yana raye, ko an yi wa masallaci rufi. Duk labarin Zango a bakina yake ji, ni da na fitar da shi daga ciki. Sai in ba shi labari, in sha ruwan citta, in tashi. A hanya in ce wa kaina ai ya wuce, ai tayar da maganar zai sosa masa ciwo. Ƙarya nake. Kunya ce, da girman kan da ya hana ni durƙusawa. Salla ashirin da biyu na yi haka.

Ranar Lahadin da ta gabaci rasuwarsa aka aiko mini jikin ya yi tsanani. Na same shi kwance, ya rame har zoben azurfarsa na yawo a yatsa. Muryar ce kawai ba ta tsufa ba. Matarsa ta fita ta bar mu. Na zauna a ƙasa kusa da gadon, na san in ban faɗa yau ba, babu wata ranar. Amma na kasa faɗa kai tsaye. Sai na yi dabara irin ta matsorata.

"Kawu," na ce, "in ka haɗu da Baƙo, ka ce masa wani yana neman gafararsa."

Ya lumshe ido. Can ya juyo da kansa a kan matashi, ya yi ɗan murmushi.

"Ɗan lakwal, yanzu ka iya?" Ya numfasa. "Baƙo ya tafi tun ran nan, ba na ganinsa. Ni kaɗai na rage. In akwai magana, gaya mini."

Ya zuba mini ido yana jira. Ba da gatse ya faɗa ba, da gaske jira yake, har ya ɗan matso da hannunsa bakin gado. Kalma uku ce, ko huɗu. Na dubi hannun, na dubi tabarma. Sai ga mai gidan ta turo ƙofa da kwanon koko, ni kuwa na yi wuf na miƙe na karɓa, kamar abin da ya kawo ni ke nan. Na ba shi a baki, ya sha cokali biyu. Na ce, "Allah ya ƙara sauƙi, Kawu. Zan dawo ranar Laraba."

Ya janye hannunsa cikin mayafi. Ya ce, "Allah ya kai mu."

Allah ya jiƙan wannan bawa nasa, ya yalwata masa makwanci, ya zaunar da shi cikin mutanen da ba za su ja buzunsu gefe ba. Wanda ya karanta wannan, in ya taɓa jin muryarsa ko bai taɓa ba, ya yi masa fatiha.

Kawu, ni na yi maka laifi, ka yafe mini. Ga shi na faɗa, a takarda, kwana arba'in bayan ka daina jira.